Ranar da Na Bi Fulogina Zuwa Kaduna

Duk wanda ya ce muku sauya fulogi ba aiki ba ne, to bai taɓa ganin fistin da ya huje ba. Ni na gani, har na sa yatsana a cikin ramin. Shi ya sa in na ji ku samarin yanzu kuna cewa ai kwancewa ce kawai da ɗaurawa, ko na ga kuna latsa waya ta faɗa muku lambar da za ku saya, sai in yi dariya in ci gaba da abin da ke gabana. Wayar ta san sunan motar, ban musa ba. Amma ba ta san direban ba, ba ta kuma san hanyar da zai bi ba. Sunana Garba, a kanikanci na tashi a nan Birnin Gwari, a cikinsa kuma na yi furfura. Ku gyara zama, ba zan cinye muku rana ba.

Aikin farko da maigidana, marigayi Baba Isiyaku, ya ba ni a kan fulogi ba ɗaurawa ba ce, kallo ne. Yana da wani tsohon gwangwanin madara cike da matattun fulogi. Da hantsi, in babu mota a gareji, sai ya zazzage su a kan buhu, ya ɗauki ɗaya ya miƙo mini ya ce, "Me ya kashe wannan?" In na ce ban sani ba, sai ya nuna mini. In kuwa na ƙirƙiro amsa don kada a ce ban iya ba, in sha ranƙwashi. A haka na koyi karatun. In bakin fulogi ya yi baƙi ƙirin, busasshe, to ko fetur ya yi yawa ko fulogin ba ya yin zafin da zai ƙone dattinsa. In baƙin ya jiƙe yana maiƙo, injin na shan baƙin mai. In ya yi fari fat, har da 'yan ƙuraje a jikin tangaran ɗin, zafi ya fi ƙarfinsa, kuma wannan shi ne abin tsoro. Mai lafiya kuwa launin gyaɗar da aka soya daidai gare shi.

Wata rana ya ɗora mini fulogi biyu a tafin hannu. Tsawonsu ɗaya, zarensu ɗaya, kowanne zai shiga rami guda ya ɗauru tsaf.

"Ɗaya ne?" in ji shi.

Na ce, "Ɗaya ne, Baba."

Na sha ranƙwashi na ranar. Sannan ya ce in leƙa ciki, in dubi farin tangaran ɗin nan da ke kewaye da tsinken wuta, wanda shi yake kira hanci. Na ɗaya dogo ne, na ɗayan gajere. Mai dogon hanci yana riƙe zafi, domin sai zafin ya yi doguwar tafiya kafin ya kai jikin injin inda ruwa ke sanyaya shi. Shi ake ce wa mai zafi. Mai gajeren hanci kuwa nan da nan yake miƙa zafinsa ya huta, shi ne mai sanyi. Direbobi da yawa har gobe suna zaton mai zafi ya fi ba da wuta, mota ta fi gudu. Ko kaɗan. Wutar ɗaya ce, bambancin yana ga yadda bakinsa ke riƙe zafi.

Motar da ke tafiyar hawainiya, ta tsaya nan ta tsaya can, ko wadda ke shan baƙin mai, ita ke son mai zafi, don ya riƙa ƙone dattin da ke taruwa a bakinsa. Ka sa mata mai sanyi, kwana kaɗan ya toshe ya mutu. Wannan ɓacin rai ne kawai, ka kwance ka goge ka mayar. Amma motar da za ta ɗauki kaya ta miƙe titi a guje, in ka sa mata mai zafi, bakinsa zai yi ja kamar garwashi, ya riƙa kunna fetur tun kafin lokacinsa. Fistin na tasowa, wuta na dukansa, har ya huje. Ga kuma wani tarkon: wani kamfanin in lambarsa ta hau sanyi ake nufi, wani kuma in ta hau zafi ake nufi. Na ga bakanike da gemunsa ya faɗa wannan ramin.

Kayan aikin fulogi ba su da yawa. Sifanar fulogin da nake riƙewa har yau ta Baba Isiyaku ce, hannunta ya yi sulɓi don riƙo. Sai burushin ƙarfe, da 'yan siraran ƙarafan auna tazarar baki, da guntun tiyo da nake cusa wa fulogi a kai in fara ɗaura shi da yatsu. Duk wanda ya fara ɗaurin fulogi da sifana zai cinye zaren kan injin wata rana, daga nan kuma aikin minti biyar ya zama na kwana biyu.

A cikin duk mutanen da suka kawo mini mota, babu wanda na fi sabawa da shi kamar Yohanna. Manomi ne kuma direba, daga wani ƙauye bayan Kuyello, sa'ana ne. Yana da wata tsohuwar a-kori-kura da muke kira Gwaggo, saboda kowace safiya sai ta yi tari ta yi mita kafin ta tashi. Aikinta kwaso masara da dawa daga gonaki zuwa kasuwar Kuyello, wani lokaci ta lallaɓo har cikin gari. Hanyar ƙasa ce, rami da yashi da tsallaka rafi. Ina jin Gwaggo takan yi wata guda ba ta shiga giya ta huɗu ba.

Injinta ya tsufa, yana shan baƙin mai. Maganin gaskiya shi ne a sauke shi a sauya zobban fistin, na kuma faɗa wa Yohanna ya fi sau a ƙirga. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Bari a yi kaka, Garba." Kaka ta zo ta wuce, ya ce ai yanzu ne aiki ya yi yawa, bari rani. Ganin fulogi na mutuwa masa a tsakiyar gona, sai na hau masa mataki ɗaya zuwa mai zafi. Da aka shekara abin ya ƙaru, na ƙara masa wani matakin. Gwaggo ta warke sarai, ta daina tafiya da fulogi uku cikin huɗu. Yohanna ya riƙa yawo da sunana a ƙauyuka wai ina da asirin mota. Kuma ku ji da kyau, a kan hanyar Kuyello aikin nan nawa daidai ne, ko yau aka kawo mini irinta haka zan yi.

Sai shekarun da daji ya lalace suka zo. Ba sai na ba ku labari ba, a gabanku aka yi. Hanyar Kaduna ta zama ba a shigarta sai an taru an yi layi a bakin gari, jami'an tsaro masu rakiya su shiga gaba da baya, a tafi tare. In an shiga kuwa ba wasa, inda titi ya yi kyau kowa taka totur yake yi iya ƙarfinsa, ba mai son a bar shi a baya. Garejinmu ya yi shiru. Wasu kanikawan suka koma gyaran babur, wasu suka bar garin. Ni dai na zauna, amma na yi shekara biyu cur ban sa ƙafata a hanyar nan ba. Tsoro nake ji, ba na kuma ɓoyewa.

Wata safiya bayan kaka ina zaune wurin mai shayi, sai Haruna mai faci ya zo yana dariya.

"Oga Garba, ka ga mutuniyarka kuwa? Gwaggo za ta birni!"

Na ce, "Wace Gwaggon?"

"Ta Yohanna mana. Tana can a layin rakiya, an lafta mata masara har ta durƙusa. Wai masu saye sun daina shiga ƙauyensu, shi ne matan garin suka haɗa abin da suka samu za a kai Kaduna."

Kowa ya yi dariya, ban da ni. Mako uku da suka wuce da hannuna na ɗaura mata sababbin fulogi huɗu masu zafi. Na san abin da zai faru kamar an karanta mini. Za ta yi ƙoƙari a farkon hanya, in aka kai inda ake gudu da kayan nan a bayanta, fistin zai huje. Kuma ba a bakin kasuwa zai huje ba, a tsakiyar daji ne, inda ayari ba ya jiran kowa ya sauke inji.

Na ajiye kofin, na ruga gareji, na ɗauki sifana da burushi da tiyona, da fulogi huɗu na ainihin lambar da aka ƙera motar da ita. Ko ƙofa ban ja ba na tare ɗan acaɓa.

Na same su wajen tsakiyar layi. Yohanna na riƙe da sitiyari, injin na aiki, matarsa Maman Ladi na zaune a gefensa da jaka a cinya. Ita matan ƙauyen suka wakilta ta yi cinikin, domin ba a yi mata wayo a awo.

Na ce, "Yohanna, kashe motar nan."

"Kai Garba, ko gaisuwa babu? Ina kwana tukuna."

"Lafiya lau. Kashe ta."

"In na kashe wa zai tayar? Ka fi kowa sanin makunninta ya mutu, sai da turi. Tun asuba take kunne."

Na faɗa masa gaskiya a gaban mutane. Na ce fulogin da ke cikin motar nan na hanyar gona ne, ni na sa su, ba za su kai shi Kaduna ba. Ya dube ni kamar na zage shi.

"Haba Garba! Ba a fafe gora ranar tafiya. Motar nan ba ta taɓa lafiya irin ta yanzu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yanzu za a tashi, in na rasa layin nan sai wani makon, masarar mutane kuma fa?"

Wani direban bas da ke bayansa ya leƙo ya ce, "Malam, ka bar bawan Allah ya yi tafiyarsa. Ku kanikawa ba kwa ganin mota lafiya ku ƙyale."

Duk wannan Maman Ladi fuskata kawai take kallo. Can sai ta ce, "Baban Ladi, mutumin nan ya zo babu hula. Ka taɓa ganin Malam Garba a waje babu hula? Kashe."

Na shafa kaina, ashe gaskiya ne. Yohanna ya murɗa makulli yana gunaguni.

Ba a kwance fulogi daga inji mai zafi, wannan doka ce, ni ma ita nake koyarwa. Ƙarfe ya kumbura, zare na iya biyo fulogin ya fito, in kuwa haka ta faru tafiya ta ƙare. Amma ba ni da lokacin jira. Na buɗe gaban motar, na hure ƙasar da ke gindin kowanne, na riƙa sassautawa kaɗan kaɗan, in juya in dakata, in juya in dakata. Na ɗaya ya fito, na biyu ya fito. Na uku ya cije. Na yi bisimilla na mayar da shi baya kaɗan, na sake jawowa a hankali, bayan hannuna ya taɓa bututun hayaƙi, fata ta tashi nan take. Ban saki ba har ya fito da zarensa lafiya.

Na miƙa wa Yohanna shi a tsumma. 'Yar tafiyar kwaltar da ya yi da safen nan kaɗai ta sa bakinsa ya fara fari.

"Wannan na tafiyar da ba ta kai komai ba ke nan," na ce masa.

Ya juya shi, ya sake juyawa. Ya daɗe yana kawo mini mota, ya san abin da farin ke nufi. Gani ya kori ji.

Ina ɗaura sabon fulogi na huɗu aka fara busa usur a gaba. Na ce masa, "Saura magana ɗaya. Waɗannan za su jure gudu, amma ba sa son tsayuwa. Injinka na shan baƙin mai. In aka tsaya ya wuce shan kofin shayi, kashe ta, in ba haka ba za su toshe."

"In kashe ta a daji?"

"Ka kashe."

Maman Ladi ta ce, "To wa zai tura? Ni?" Ta buɗe ƙofa ta sauko, ta nuna mini kujera. "Malam Garba, in dai ka yarda da aikinka, bisimilla, shigo."

Mutanen da ke wurin suka kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Na dubi hanyar, na dubi silifas ɗin da ke ƙafata, na tuna ko a gida ba su san inda nake ba. Amma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na ce wa ɗan acaɓan ya biya ta gidana ya faɗa, ya kuma ce wa Haruna ya rufe mini gareji. Muka tura Gwaggo ta tashi, na shige tsakiya, sandar giya na bugun gwiwata.

Ba a hira a hanyar nan. Yohanna na karanta addu'arsa a hankali, ni ina karanta tawa, Maman Ladi ta rungume jakarta. Muka wuce garuruwan da na sani da kasuwa da masu tsire, yanzu ciyawa ta rufe ƙofofi. Inda titi ya miƙe aka fara gudu, Yohanna ya taka har ƙasa. Ni dai kunnena na kan injin, ina sauraron ƙarar nan mai kama da tsakuwa a gwangwani, wadda ke nuna wuta na riga lokacinta. Ban ji ta ba. Gwaggo na nishi, amma nishin lafiya ne.

Mun yi nisa sosai sai layin ya tsaya cak. Wata babbar mota ce a gaba ta faɗa rami ta tare hanya. Itatuwa sun rufe hagu da dama, ba ka ganin taku goma a ciki. Babu direban da ya kashe injinsa, ba a yin haka a wurin. Yohanna tsohon hannu ne, ya bar tazara tsakaninsa da na gaba, ya kuma tsaya a kan 'yar gangara. Muka jira. Kofin shayi ɗaya ya wuce, na biyu ya kama hanya. Sai na ji injin ya fara tuntuɓe, salansa na fitar da shuɗin hayaƙi.

Yohanna ya dube ni.

Na ce, "Kashe."

"Garba, ka tabbata?"

"Ban tabbata ba. Kashe."

Ya kashe. Ban taɓa jin shiru mai nauyi irin wannan ba, duk da sauran motoci na ta ruri. Na tsallake Maman Ladi na fita, na kwance na uku, wanda na san ya fi shan mai. Ya fara baƙi. Na goge shi da burushi, sau biyu tiyon na kuɓuce mini kafin zare ya kama. Ina rufe gaban motar aka yi ihu daga gaba cewa hanya ta buɗe.

Na sa kafaɗa a bayan Gwaggo. Kaya ne na gaske, ko motsi ba ta yi ba. Sai ga Maman Ladi a gefena ta ɗaure zani. Sai ga direban bas ɗin nan da ya ce kanikawa ba sa ƙyale mota, shi da fasinjojinsa uku. Muka tura. Ta gangara, Yohanna ya saki kuloci, ta yi tari ta yi shiru. Motocin gaba sun fara nisa. Muka sake turawa, wannan karon har da kabbara, ya sake saki, ta yi tari biyu ta kama da huɗunta. Muka bi ta a guje. Na tura Maman Ladi ciki na faɗa a bayanta, silifas ɗina na dama ya fice ya zauna a kan titi. Ina kallonsa ta madubi, ban ce a tsaya ba.

Sai da muka kai Buruku na ji mutane sun fara magana a motoci. Da aka tsaya shan ruwa na kwance fulogi ɗaya na duba, don hali ba ya barin mai shi. Gudun ya ƙone dattin tas, bakin ya yi kyau. Na nuna wa Yohanna, ya ce shi yanzu ko fulogin zinariya ne ba ya son gani.

Da azahar muka shiga kasuwar hatsi a Kaduna. 'Yan dako suka hau sauke buhuna, ni kuwa ina zaune a kan dakali da takalmi ƙafa ɗaya, bayan hannuna ya yi bororo. Maman Ladi ta ɓace cikin kasuwa. Can sai ga ta da sababbin silifas da man kaɗanya a leda. Ta ajiye mini takalman, ta miƙo man ta ce in shafa.

"Malam Garba," in ji ta, "wasa fa na yi maka da safe. Ban zaci za ka shigo ba."

Na ce, "Yanzu kike faɗa mini? Bayan na bar takalmina a daji?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Sai kuma dariyar ta tsaya, ta sa bakin gyale ta share ido.

"Tun da hanyar nan ta lalace, duk wanda muka ce wa za mu bi ta, sai ya ce Allah ya tsare, ya juya ya koma gidansa. Har 'yan'uwanmu na jini. Ba na ganin laifinsu. Amma kai kaɗai ka shigo ka zauna."

Yohanna ya buɗe gaban mota ya cusa kansa ciki wai yana duba baƙin mai, ya kuwa daɗe bai ɗago ba. Na sa sababbin takalman, sun yi mini yawa kaɗan. Na ce mata ta je ta yi cinikinta da kyau kada a cuci matan ƙauye, ta kuma nemo mana abinci mai nauyi, domin gobe akwai komawa, kuma ni ne mai turi.